Labarin Maganin Zuciya da Dafin Kibiya

Wannan bayani ne a kan rikicewar bugun zuciya, da magungunan da likitoci ke bayarwa dominta, da abin da ya wajaba mai shan su ya kiyaye.

A Basirka da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kamar sauran ƙasar Hausa, in mutum ya ji ƙirjinsa na dukan uku-uku, alhali bai yi gudu ba bai ɗauki kaya ba, sai ya ce gabansa ke faɗuwa. Wani ya ɗauka mugun labari ke tafe, wani ya ce iska ce, wani ya zargi abokin kasuwa, mace kuwa ta zargi kishiya. Sau da yawa ba kome ba ne sai gajiya, ko zazzaɓi, ko ƙarancin jini, ko goro da shayi da suka yi yawa, ya kan kuma wuce da kansa. Amma akwai iri guda wanda ba ya wucewa, shi ne wanda ke iya kai magidanci ga shanyewar ɓarin jiki yana tsakiyar ƙarfinsa.

Ita zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa, da ƙyamare tsakaninsu don kada jini ya koma baya. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan wuri, bai kai ƙwayar wake ba, wanda ke aika umurni kamar walƙiya zuwa ga sauran naman zuciya. Shi ne limamin, sauran ɗakunan mamu ne. In ya yi kabbara su bi, sau 60 zuwa 100 a minti guda ga baligi mai hutawa, watau wajen sau 100,000 tsakanin yini da kwana. To, wani lokaci sai sahu ya ɓaci. Wurare barkatai a ɗakunan sama su riƙa ba da nasu umurni, fiye da sau 300 a minti, har ɗakunan su bar matsawa, sai karkarwa kawai. Ɗakunan ƙasa kuma su riƙa amsa wanda suka ji, wani da sauri, wani bayan jinkiri. Wannan ita ce rikicewar da ta fi kowace yawa ga manya, ana iya kiranta karkarwar saman zuciya.

Gane alamarta ba ya bukatar kuɗi. A ɗora yatsu uku a wuyan hannu, ƙasa da gindin babban yatsa, a dubi agogo, a ƙirga minti guda cif. Jijiyar lafiyayye tafiyarta daidai ce kamar takun raƙumi. Ta mai wannan cuta kuwa ba ta da ƙa'ida ko kaɗan, wani bugu da ƙarfi, wani da rauni, ba a iya cewa ga lokacin da na gaba zai zo. Malamai sun san wannan ilmi ba baƙo ba ne ga Musulmi. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi dogon babi a kan jijiya cikin Al-Ƙanun, ya kuma wallafa littafi daban a kan magungunan zuciya. Ibnu Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ya bayyana cewa jini na bi ta huhu ne daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu. Abin da zamani ya ƙara shi ne na'urar da ke rubuta walƙiyar zuciya a kan takarda, wadda Einthoven, mutumin Holan, ya ƙera a farkon ƙarni na 20. Yatsu su kan ba da zato, na'ura ke tabbatarwa. Don haka wanda ya ji jijiyarsa ba ƙa'ida, ya nemi babban asibiti, kamar na Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Kudu, ko na Rashid Shekoni a Dutse, ko na Malam Aminu Kano, a yi masa wannan awo kafin ya haɗiyi ƙwaya ko guda.

Sanadinta a ƙasashen nan ya fi zuwa daga hawan jini da aka daɗe ba a kula da shi ba. Sai kuma lalacewar ƙyauren zuciya, wadda asalinta ciwon maƙogwaro ne na yarinta da ba a yi wa magani ba, ya koma zazzaɓi mai kumbura gaɓoɓi, bayan shekaru ya bayyana a zuciya. Akwai kuma maƙoƙo mai zafi, da tsufa, da raunin zuciya da ke kama maijego.

Abin mamaki cikin tarihin maganin zuciya shi ne, yawancinsa da guba aka fara saninsa. Tsofaffin maharba na ƙasar Hausa sun san kwankwani, wata itaciya mai yaɗo wadda a ke dafa 'ya'yanta a shafa wa kibiya. Dabbar da aka harba da ita ba raunin ke kashe ta ba, zuciyarta ce ke ƙanƙamewa ta tsaya. Danginsa na nan a gabashin Afirka, can ma dafin kibiya a ke yi da shi. Cikin ayarin Livingstone da ya bi kogin Zambezi daga 1858 akwai wani likita, John Kirk, wanda ya ajiye 'ya'yan itaciyar wuri guda da burushin haƙorinsa. Da ya goge baki sai ya ji ɗaci, sa'an nan ya lura jijiyarsa ta rage sauri. Aka kai 'ya'yan Edinbara, inda Thomas Fraser ya shekara da shekaru yana gwaji, har a 1885 ya gabatar da su ga likitoci a matsayin maganin zuciya. Watau abin da maharbi ke kashe ɓauna da shi, in an auna ɗan mitsitsi, shi ke ƙarfafa zuciyar da ta gaji.

Shekara ɗari kafin wannan, a 1785, wani likita na Birmingham a Ingila, William Withering, ya buga littafi a kan wani fure na ƙasarsu da tsofaffin mata ke jiƙawa don masu kumburi. Ya shekara 10 yana lura da marasa lafiya fiye da 150, yana rubuta wanda ya warke da wanda maganin ya yi wa yawa. Daga dangin wannan fure aka fitar da dijoksin a 1930. An bar amfani da na kwankwani a yawancin ƙasashe, amma dijoksin na nan, wasu sun san shi da sunan Lanoxin. Aikinsa biyu ne: ya ƙara wa matsawar zuciya ƙarfi, ya kuma tsare hanyar da ke tsakanin sama da ƙasa don kada duk hayaniyar sama ta sauko. Wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 1997 ya nuna yana rage komawa gadon asibiti ga masu raunin zuciya, amma bai ƙara tsawon rai ba. Saboda haka likitocin yanzu ba su ɗaukarsa a kan shi ne kome, kamar yadda na da suka yi.

Sai dai halin dafi bai bar shi ba. Tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke kashewa tazara kaɗan ce. Ƙwayarsa kashi ɗaya ce cikin huɗu na miligiram, ko rabin haka, sau ɗaya a yini. Ƙoda ke fitar da shi, don haka tsoho, da mai ciwon ƙoda, da wanda gudawa ko amai suka tsotse, ya kan taru a jikinsu. Alamar ya yi yawa ita ce ƙin abinci, da tashin zuciya, da ruɗewa, da jijiya mai nawa, wani har ya riƙa ganin kome rawaya-rawaya. Wanda ya ga haka ya dakata da shi, a kai shi asibiti ran nan. Kuma sau da yawa a kan haɗa shi da maganin fitsari, Lasix, don a rage kumburi, shi kuwa Lasix ya kan fitar da wani gishirin jini da a ke kira fotashiyam, in ya ragu kuwa dijoksin ƙara kaifi ya ke yi. Shi ya sa a ke aunin jini lokaci lokaci. A nan ya kamata a faɗi wata magana ga masu haɗa magani a gida. Tumfafiya da ke tsirowa a kowane kango da bakin kowace hanya, ruwanta na ɗauke da guba ta wannan dangi. Wanda ke shan dijoksin ya ƙara da jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, ya yi kamar wanda ya ƙara wa kibiya dafi ya soka wa kansa.

Wurin da dijoksin ya yi suna a ƙasar Hausa shi ne Zariya. Tsakanin 1969 da 1972, likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka bi lafiyar mata 224 waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Mace ta haihu lafiya, an yi suna, kafin arba'in ko jim kaɗan bayanta sai ƙafafu su kumbura, tari ya kama ta, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Sun ga abin ya fi yawa a lokacin zafi da gumi, suka danganta shi da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa da a ke hura wa wuta, da kunun kanwa. Da dijoksin da maganin fitsari suka yi musu jiyya, da yawa kuma suka sami sauƙi da sauri. A Sakkwato, wani bincike da aka buga a 2007 ya sami wannan cuta ga mace guda cikin kowace haihuwa 102 a asibitin da aka ƙirga, adadin da ba safai a ke samun irinsa a duniya ba.

Amma zancen bai tsaya inda likitocin Zariya suka bar shi ba. Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranci wani bincike a asibitoci da dama na Nijeriya, aka buga sakamakonsa a 2020. Yawancin matan da aka samu daga arewa maso yamma su ke, amma abin da ya fi bambanta su da lafiyayyu shi ne rama, da rashin sana'a, da rashin karatun boko, da hawan jini na lokacin ciki. Ba a sami hujja mai ƙarfi a kan wankan jego da kunu ba. An kuma lura da ƙarancin wani sinadari na abinci, siliniyam, a jinin masu cutar a Kano. Wannan ba izini ba ne a ɗura wa maijego mai kumburi kanwa. Ita kanwa, ja ce ko fara ko ungurnu, 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji kuwa ruwan nan ne nauyinta. Ma'anar binciken ita ce, maigidan da ya hana kanwa amma bai ciyar da matarsa ba, bai kai ta awon ciki ba, bai gama sauke nauyin da ke kansa ba. Wadda ta taɓa yin wannan ciwo, kada ta sake ɗaukar ciki sai an duba zuciyarta, don wasu magungunan, irin lisinofiril da warfarin, suna cutar da ɗan tayi.

Maganin farko da ya maido da bugu kan ƙa'ida, falke ne ya nuna wa likita shi. A 1912 wani ɗan kasuwa na Holan, mai harka da tsibiran gabas inda zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, ya je wurin shahararren likitan zuciya Wenckebach. Likita ya ce ba shi da abin da zai tsayar da wannan rikici. Ɗan kasuwa ya ce shi yana da shi, ya tafi, washegari ya komo da jijiya daidai. Kwinin ya sha. A 1918 wani likita a Jamus, Walter Frey, ya nuna ɗan'uwansa kwinidin ya fi shi aiki. Darasin da ke ciki ga mutanen yau shi ne, kwinin da kulorokwin da danginsu suna da hannu a kan zuciya, don haka mai ciwon zuciya ya gaya wa mai ba shi maganin zazzaɓi abin da ya ke sha. A Indiya kuma, a 1931, Salimuzzaman Siddiƙi ya fitar da wani magani daga saiwar da hakiman Musulmi da na Hindu suka daɗe suna amfani da ita, ya raɗa masa suna ajmalin don girmama Hakim Ajmal Khan na Delhi.

Wanda ya fi ƙarfi cikin wannan aji shi ne amiyodaron, wanda aka haɗa a Beljiyam a farkon shekarun 1960. Yana aiki, amma ya kan zauna a jiki watanni bayan an bar sha, yana iya taɓa maƙoƙo da huhu da hanta, yana kuma ƙara wa dijoksin da warfarin ƙarfi. Ba maganin da a ke saye a kanti ba ne. Likitoci da kansu sun ɗanɗana kuɗarsu a wannan fage. A 1989, a Amurka, aka tsayar da wani gwaji kafin lokacinsa, don an ga magunguna biyu da ke gyara rubutun na'ura su daidaita bugu ga waɗanda suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, masu shan su sun fi mutuwa, ninki biyu da ɗoriya, bisa waɗanda aka ba ƙwayar da ba kome cikinta. Tun daga nan aka gane ba kowace rikicewa ce a ke yaƙa ba. Ga mutane da yawa, a rage saurin zuciya kawai ya isa. Wannan kuwa aikin dangin Inderal ne, wanda James Black ya fitar a Ingila a 1964, da na bayansa irin su atenolol. Suna kwantar da zuciya, suna sauke hawan jini, wasunsu an tabbatar suna ƙara kwana ga mai raunin zuciya. Ba a yanke su farat ɗaya, mai asma kuma ya faɗa tun kafin a rubuta masa.

Babbar barazanar karkarwar saman zuciya ba ita ce faɗuwar gaban ba. Ruwan da ba ya gudu shi ke yin gansakuka. Jini ya kan kwanta a wani lungu na ɗakin hagu ya daskare, wata rana gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Sai a ga baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta ɗauke, mutane su ce an jefe shi. Mai wannan rikici ya fi waninsa haɗarin shanyewar jiki wajen ninki biyar. Maganin da ke tsinka jini, warfarin, yana rage wannan haɗari da kusan kashi biyu cikin uku. Shi ma asalinsa guba ne. Shanu ne suka riƙa zubar da jini suna mutuwa a Amurka da Kanada a shekarun 1920 bayan sun ci harawa mai ruma, aka bi sawu aka gano sinadarin, aka fara sayar da shi a 1948 a matsayin maganin ɓera, sai a 1954 aka yarda a ba mutane. Asfirin da wasu ke sha da nufin tsinka jini bai kama ƙafarsa ba a wannan aiki.

Warfarin na da sharuɗɗa kamar ciniki. Dole a riƙa aunin jini, ga yawancin mutane a na son awon ya tsaya tsakanin 2 da 3. In ya gaza, ba kariya. In ya haura, sai haɓo, da jini a dasashi, da baƙin bayan gida. Flagyl da Septrin suna ƙara masa ƙarfi ƙwarai, maganin tarin fuka na rage shi, magungunan ciwon jiki irin diklofenak na jawo zubar jini a ciki. Ganye kamar zogale da alayyafo na rage aikinsa, amma ba a ce a bar ci ba, a dai ci daidai yadda aka saba, kada yau kwano biyu gobe babu. Mai shan sa ya gaya wa wanzami kafin ƙaho ko cire haƙori, mafi alheri ma ya bar ƙaho. Akwai sababbin magunguna da ba su bukatar yawan awo, sun fi tsada. Amma wani gwaji da aka buga a 2022, a kan mutane fiye da 4,500 na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka masu lalacewar ƙyauren zuciya, ya nuna tsohon warfarin ya fi sabon kare rai ga irin waɗannan. Yaron da ciwon maƙogwaro ya riga ya taɓa wa zuciya kuwa, allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu, shekaru a jere, ita ke hana ɓarnar ƙaruwa.

Inda a ke yawan yin hasara shi ne wajen ɗorewa. Falke ya tashi daga Basirka ya ci kasuwar Sara, ya zarce Kano ko Gombe ko kudu, ya yi mako uku, magani ya ƙare a hanya. Ko kumburi ya sauka, numfashi ya daidaita, ya ce ya warke, kuɗin magani gara a zuba a jari. Waɗannan magunguna ba irin na zazzaɓi ba ne da a ke sha kwana uku a huta. Suna riƙe cutar ne kamar dabaibayi, ran da aka kwance ta tashi. Mai tafiya ya ɗauki abin da zai ishe shi da rara, ya riƙe takardar likita a aljihu tare da kuɗinsa, kada ya yarda mai kemis ya musanya masa da wani don kamannin kwali. Wanda aka ba maganin ciwon ƙirji da a ke sa wa ƙarƙashin harshe, kada ya kusanci ƙwayoyin ƙarfin maza da a ke talla a tasha, haɗuwarsu na iya kayar da jini ƙasa nan take.

Saura maganar azumi, wadda malamai za a fi tambaya. Mai shan maganin fitsari in azumi ya faɗo a bazara, jikinsa ya kan bushe, ƙoda ta yi rauni, dijoksin ya taru. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, a mazhabar Malikiyya ma shan ruwa wajibi ne ga wanda ke tsoron halaka ko cuta mai tsanani, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halilu. Da yawa masu ciwon da ya lafa suna iya azumi lafiya, don maganin sau ɗaya a yini ana iya mai da shi lokacin buɗa baki, na sau biyu kuma a raba tsakanin buɗa baki da sahur. Amma wannan canji a yi shi da likita tun cikin Sha'aban, mai shan warfarin kuma a auna jininsa kafin a ga wata, a sake aunawa bayan an sha goma.